Kafin ka ƙaro kifi, koyi buɗe kan injinka



Yau ba zancen abincin kifi ko rigakafin kaji na zo da shi ba. Zancen inji ne, injin ban ruwan nan mai jan igiya da ke zaune a bakin rijiyar kusan kowa a cikinmu. Na san wani zai ce ai nan shafin kiwo ne, ba gareji ba. To ɗan uwa, amsa mini wannan: ranar da injinka ya ƙi tashi a tsakiyar watan Afrilu, zafi ya haura 40, tankin tarwaɗarka ya kwana biyu ba a canja masa ruwa ba, wa za ka nema? Likitan dabbobi ko bakanike?

Ra'ayina shi ne, duk wanda zai yi kiwon kifi ko kaji a Sabon Birni, Isa, Gatawa, Tsamaye, Unguwar Lalle, Turba, Bafarawa da sauran garuruwanmu na Gobir, ya kamata ya iya buɗe kan injinsa da hannunsa, a cikin gidansa. Ya wasa bawul, ya canja gasket, ya saita tafet, in ta kama ya sa sabon ringi. Kuma ya koyi wannan kafin ya yi tunanin ƙara tanki na biyu. Mutumin Kano ko na cikin garin Sakkwato zai iya cewa ba ruwansa, tunda bakanike na bayan layinsa. Mu ba haka muke ba.

Abin da ya koya mini ke nan. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, Isa da Sabon Birni suna ciki. Aka kuma hana sayar da fetur a jarka. A cikin wannan hali injina ya fara hayaƙi, yana tashi da kyar, wata safiya kuma ya yi shiru. Bakaniken da na saba da shi ya kwashe iyalinsa ya bar gari kamar yadda mutane da yawa suka yi, ba waya balle in tambaye shi. Na ɗora injin a mota aka kai shi birni, aka ce kwana biyu. Sai da ya yi kwana tara. Ni da yara muka koma jan guga, amma ina guga zai cika tankin da ke da tarwaɗa 800 masu wata uku? Ruwa ya yi kauri, ya fara wari, kifi suka daina cin abinci, suka riƙa tsayuwa a tsaye a saman ruwa. Sama da 200 na kwashe matattu, waɗanda suka rayu kuma ba su ƙara yin girman kirki ba. Da injin ya dawo na tambayi direban me aka yi masa, sai ya ce gasket aka canja aka wasa bawul. Aikin yini ɗaya, kayan da ba su kai kuɗin buhun abinci guda ba. Wallahi wannan ya fi mutuwar kifin ci mini rai.

Masu cewa tarwaɗa tana da taurin rai gaskiyarsu ne, tana iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa ba ta mutuwa da wuri kamar karfasa. Amma kashinta da ragowar abinci suna zama guba a ruwan da ba a canjawa, kuma gubar ta fi ƙarfi in ruwa ya yi zafi. Kaji ma haka: a bazara ruwan da suke sha yana ƙaruwa sosai, yini ɗaya na ƙishirwa ya isa ya karya maka ƙwai na kwanaki, masu nama kuma su fara faɗuwa. Kiwonmu duk a kan ruwa yake, ruwan kuma a kan wannan ɗan inji.

Bayan abin ya wuce na je wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyara wa manoman fadama injuna tun zamanin da aka fara raba su a shirin Fadama na shekarun 1990. Na kai masa wani tsohon inji da na jefar a zaure, na ce Baba, wannan ya mutu, ko akwai abin da za a cira a jikinsa? Ya ja igiya sau biyu, ya leƙa gidan matatar iska, ya ce: "Ɗana, wanga inji bai mutu ba, ƙura ta yas sha. Zamna nan ka gani da idonka, gobe ba ni nan." Na zauna. Abin da zan faɗa a ƙasa rabinsa daga bakinsa ne, rabi daga littafin injin da ɓarnar da na yi da hannuna.

Mu fara da lissafin da ba mu cika yi ba. Mota tana da agogon da ke nuna kilomita, injin ruwa ba shi da shi, shi ya sa muke ganin kamar bai tsufa ba. In kana kunna shi awa uku a rana, a shekara ya yi awa 1,095. Cikakken gudunsa juyi 3,600 ne a minti, wato juyi 216,000 a awa guda. Littafin Honda ya ce a canja baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100, a duba tafet duk awa 300. Da awa uku a rana, awa 100 wata ɗaya ne da 'yan kwanaki. Tsakani da Allah mu nawa ne ke canja mai duk wata? Yawancinmu ciko muke yi. Sannan ga ƙurar hunturu, ga iskar farkon damina, ga soson matatar iska da ya yage aka cire aka yar. Ƙurar nan in ta shiga ciki ta haɗu da mai, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ringi da bangon silinda a hankali. Saboda haka injin da ya shekara biyu a fadamar Rima ko Bunsuru tsoho ne, ko da fentinsa na ƙyalli.

Yawancin injunan da ke hannunmu, masu inci biyu da inci uku, ko dai Honda GX160 ne ko GX200, ko kuma kwaikwayonsu na Caina da ake rubuta wa 168F, 5.5 ko 6.5. Faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 68, kuma ginin ɗaya ne. Wannan rahama ce, don kayansu suna ko'ina, kuma in ka koyi ɗaya ka koyi janaretonka ma, tunda yawancin janareto masu matsakaicin girma wannan injin ne a cikinsu.

Amma kafin ka ɗauki sifana, tsaya. Babban kuskuren sabon koyo shi ne buɗe injin da ba shi da laifi. In inji yana gudu lafiya amma ruwa ba ya fitowa, kada ka taɓa kansa. Duba tiyon tsotso ko yana shan iska, duba sil ɗin famfo, duba farfelar da yashi ke cinyewa. Ka kuma tuna irin wannan famfo ba ya iya tsotso daga zurfin da ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, don haka in ruwan rijiya ya ja ƙasa a bazara, ko sabo fil ka kawo ba zai ɗago ba. In hayaƙin baƙi ne, fetur ne ya yi yawa: kafireta, cok, ko matatar iska ta toshe. Wanke su. In ka cika mai fiye da kima ko ka kwantar da injin a gefe, zai yi farin hayaƙi na ɗan lokaci ya daina. Mansa kaɗan ne, bai wuce lita 0.6 ba.

Alamun da ke cewa a buɗe kai daban ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ba ya yankewa. Mai yana raguwa kullum ba tare da ɗiga a ƙasa ba. Fulogi yana fitowa jiƙe da baƙin mai. Ka buɗe gidan matatar iska ka tarar da mai a ciki. Ka ja igiya ta taho salalau ba wata turjiya. Akwai gwajin da Baba ya nuna mini wanda ba ya cin ko sisi: cire fulogi, zuba ƙaramin cokali na baƙin mai a ramin, mayar, ja igiya. In ta yi nauyi fiye da da, ringi ne suka gaji, man ne ya toshe ratar na ɗan lokaci. In ba abin da ya canja, iska ta bawul ko ta gasket take zurarewa. In kuwa igiyar ta yi tauri ƙwarai har tana fizge hannu, sau da yawa tafet ne ya buɗe da yawa, saiti kawai yake so, aikin minti goma sha biyar.

Wurin aiki yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kada ka buɗe inji a kan yashi, kada ka buɗe shi ranar da ake iska. Shimfiɗa buhu mai tsabta ko tabarma a ɗaki ko zaure, nesa da tankin kifi, nesa da akurkin kaji, nesa da wuta. Wanke bayan injin tun kafin ka kwance noti ko ɗaya. Juye fetur, bar shi ya huce sarai. Ɗauko kiret ɗin ƙwai guda, kowane rami ka sa notin wuri ɗaya bi da bi, yadda ka cire haka za ka mayar. Kuma ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, musamman siraran wayoyi da sifirin da ke tsakanin kafireta da gwamna. Waɗannan su ne ke rikita mutum wajen mayarwa, ni sun taɓa cinye mini rabin yini.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana da soket na 10 da 12 da 14, sifanar fulogi, sukundireba, filaya, kananzir, man wasa bawul mai gefe biyu, da fila geji, wato 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba da ake naɗewa kamar wuƙar aljihu. Wannan fila geji shi ne ya raba gyara da caca. Na ga masu saita tafet da reza ko da kunne. Wani lokaci a dace, wani lokaci bawul ya ƙone. Saya shi, ba shi da tsada, kuma har jikokinka za su gaje shi.

Ka cire salansa, gidan iska, kafireta da murfin gwangwanin da ke rufe kai. Ka buɗe murfin bawul mai noti huɗu, ka kwance 'yan makaran nan biyu da ke danna bawul, ka zare sandunan da ke tura su, ka lura da wanne ne na wane gefe. Sai manyan kusoshi huɗu na top silinda. Sassauta su kaɗan-kaɗan a gicciye, ba ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe ba. Kai zai ɗago. In ya maƙale, buga shi da itace a hankali, kada ka cusa sukundireba a tsakani, alminiyam ne, tabo ɗaya ya isa ya sa sabon gasket ya riƙa hura iska. Akwai 'yan bututu biyu ƙanana da ke daidaita zaman kan, kada su ɓace.

Yanzu ga wurin da nake so a daɗe, don nan ne rabin injunanmu ke ciwo. Kankare baƙin gawayin da ya daskare da itace ko tsohon cokalin roba. Kifa kan, fulogi a ɗaure, ka zuba kananzir a cikin kwarin har ya rufe bawul biyun, ka jira. In ka ga danshi yana fitowa ta hanyar salansa ko ta hanyar kafireta, wannan bawul ɗin ba ya rufewa. Yawanci na fitar hayaƙi ne, don shi ke shan wuta, kuma a cikakken gudu yana buɗewa yana rufewa sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Sifirin ɗinsu ba shi da ƙarfi, da manyan yatsu biyu za ka danna ka zame makullin gefe ya fita. A kan ƙarshen bawul ɗin hayaƙi akwai wata 'yar hula ƙarama kamar ƙwayar wake, ka sa ta a ramin kiret nan take, in ta faɗi ƙasa sai dai wani ikon Allah.

Kafin wasawa, mayar da bawul a raminsa ka kaɗa shi gefe da gefe. In yana rawa sosai, hanyarsa ta cinye, wasawa ba za ta yi magani ba, kuma ta nan mai ke bi. A nan gara ka sayi cikakken kai na kwaikwayo ka ɗora. In bakinsa ya ƙone ya tsage ko ya yi siriri kamar wuƙa, canja shi. In lafiya lau, shafa man wasawa mai kaushi kaɗan a bakinsa kawai, kada ya taɓa sandar. Sa guntun tiyon fetur a ƙarshen sandar ta baya, ka riƙa murzawa tsakanin tafukanka kamar mai burga miya, kana ɗagawa kana juyawa kaɗan kana ci gaba. Za ka ji ƙarar ta sauya daga gurzawa zuwa laushi. Goge, sa mai laushin, maimaita. Abin da kake nema shi ne zobe mai launin toka, siriri, wanda ya zagaye bakin bawul da mazauninsa ba yankewa. Da ka gan shi ka tsaya. Masu zafin nama suna ci gaba da murza har mazaunin ya yi faɗi, wannan ɓarna ce. Sannan ka wanke da kananzir har sau uku. Ƙwaya ɗaya ta man wasawa da ta rage a ciki ta fi ƙurar hunturu guda illa. Mayar da bawul, sake gwajin kananzir. In bai ɗiga ba, ka gama aikin da aka riƙe mini inji kwana tara a kansa.

Gasket kuwa sabo, kullum. Ko da tsohon ya fito da kyau, ya riga ya matse. Kada a shafa masa gam. Wajen ɗaure kusoshin kai littafi ya ce 24 a ma'aunin Nm. Mafi yawanmu ba mu da sifanar awon ɗauri, to ka riƙe sifana gajere, ka ɗaure a gicciye, zagaye uku, kowane zagaye ka ƙara kaɗan. Kada ka sa bututu a sifana don ƙarin ƙarfi. Ni na yi haka a karon farko, ina ganin ƙarfi shi ne aiki, sai na ji kusa ta yi laushi a hannuna: zaren cikin bulo ya tafi. Wannan injin sai da ya ga mai walda. Na faɗa ne don kada wani ya ce ban gaya masa akwai kuɗin makaranta ba.

Saitin tafet ana yin sa inji na sanyi. Juya inji har fistan ya hau sama bawul biyun suna rufe. Na shigar mai milimita 0.15, na fitar hayaƙi 0.20. Fila geji ya shiga da ɗan jan hannu, ba sako-sako ba, ba da tilas ba. Ɗaure ƙaramin notin sama, ka sake aunawa, don ɗaurewar tana motsa saitin. Bakin fulogi 0.7 zuwa 0.8. Ga waɗanda suka mayar da injunansu na gas bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ku riƙa duba tafet fiye da masu fetur. Gas busasshe ne, bawul na shan zafi, yana nutsewa a mazauninsa a hankali, ratar ta rufe, daga nan sai ƙonewa.

Ringi labarinsa ya ɗan fi tsawo, kuma a nan zan gaya muku gaskiyar da masu bidiyo ba sa faɗa. A babur irin Boxer silinda ɗagowa take yi ka ga fistan a fili. A injin ruwa silinda da bulo abu ɗaya ne, don haka sai ka cire gidan famfo, ka kwance farfela, ka juye mai, ka buɗe murfin gefe, ka kwance kusoshi biyu na konrod, sannan ka turo fistan ta sama. Ba gagara ba ne, amma ban ba ka shawarar ka fara da shi ba. Yi aikin kai sau ɗaya ko biyu tukuna, hannunka ya saba.

In ka kai nan, sa farcenka a bangon silinda. In akwai zane mai zurfi da farce ke maƙalewa, ko wani tudu babba a bakin sama, sabon ringi ba zai daɗe ba. Ɗauki sabon ringi ɗaya, sa shi a cikin silinda shi kaɗai, tura shi da kan fistan ya zauna daidai, ka auna ratar bakinsa. A lafiyayyar silinda 0.2 zuwa 0.4 ne. In sabon ringi ya nuna maka kusan milimita ɗaya, silindar ce ta buɗe, kada ka ɓata kuɗinka. In tana cikin iyaka, goge ƙyallin bangon kaɗan da takardar yashi mai laushi a gicciye, wanke da ruwan sabulu har farin ƙyalle ya daina baƙi, shanya, shafa mai. Rubutun da ke jikin ringi sama yake kallo. Bakunansu a rarraba su kashi uku a zagayen fistan, kada su yi layi. Alamar da ke kan fistan ta kalli gefen sandunan tura bawul. Gwangwanin madara da aka yanka aka naɗe, da abin ɗaure tiyo, sun isa su matse ringi su shiga. Ɗigo biyun da ke jikin giyar kamshaf da ta karanshaf su haɗu baki da baki, in haƙori ɗaya ya kuskure za ka ja igiya har la'asar.

Inda aikin gida ya ƙare kuma ya kamata a sani. In kana jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, in man da ka juye yana ƙyalli da garin ƙarfe, in karanshaf ya yi shuɗi ko yana motsi sama da ƙasa, rufe ka kai wa masu shi, ko ka sayi rabin inji. Ban ce kowa ya zama bakanike ba, kuma ban zo raba su da abincinsu ba. Hasali ma bakanike ya fi jin daɗin mutumin da ya zo masa yana cewa karanshaf ne, a kan wanda ya zo yana cewa "ya dai tsaya".

Na san abin da wasu za su ce: me zai sa in wahala, in ya gaji in sayi sabo. Wannan maganar da ce. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 ta tashi daga ƙasa da 500 a dala ɗaya ta haura 1,500 a 2024, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 iyaka ta kasance a rufe har Maris na 2024, mu da Maraɗi ta fi mana wasu biranen Najeriya kusa muka ji a jikinmu. Kuma sabon mai arha da za ka saya, in da halinka na da za ka riƙe shi, ba soso, ba canjin mai, shekara ɗaya zai fara hayaƙi. Sannan ga abin da ba a sa wa farashi: hanya. Duk ɗan Gobir ya san abin da ya faru da matafiya a Gidan Bawa a watan Disamba na 2021, Allah ya jiƙansu, ya san sunan dajin Gundumi. Tafiya ɗaya da ka rage saboda gasket ba ƙaramin abu ba ce.

Wasu kuma za su ce ai zamani ya wuce nan, a sa sola. Na yarda, wanda ke da hali ya sa, ni ma ita nake tara wa kuɗi, rana kam Allah ya ba mu. Amma mai farawa da tankin tamfol ɗaya da kaji 50 ba daga nan yake farawa ba, tsohon injin gonar babansa yake arowa. Kuma ko masu solar da na sani ba su sayar da injunansu ba, saboda ranar hazo da ranar da ake son cika tanki cikin gaggawa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta jabun kaya, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta. Kwali yana cewa Honda, abin ciki ko oho. Abin da nake yi shi ne in tafi da tsohon a hannu, in gwada nauyi da kauri, in auna ringi a silinda kafin in amince, in kuma riƙe mai shago ɗaya wanda zan iya komawa in yi masa ƙorafi. Duk da haka an taɓa sayar mini da gasket da bai yi wata biyu ba. Sai dai da yake ni na sa, na san inda matsalar take, cikin awa ɗaya na canja.

In ka gama haɗawa, zuba sabon mai, ka tayar da shi a waje. A waje na ce, ba a ɗaki ba, ba kusa da ɗakin 'yan tsaki ba, hayaƙin inji yana kashewa ba tare da wari ba. Cika gidan famfo da ruwa kafin ka kunna, in ya yi gudu a bushe sil ya ƙone. Zai ɗan yi hayaƙi na man da ka shafa, ya wuce. In ka sa sabon ringi, kada ka buɗe masa wuta duka a kwanakin farko, ka canja mai da ya cika awa 20 kamar sabon inji, ka sake duba tafet. Tsohon man kuma a jarka, kada ya ga bakin rijiya.

Duk wanda ke da ɗan uwa mai zuwa Sakkwato ko Kano a 'yan kwanakin nan, ya ba shi saƙo tun injin na lafiya: cikakken saitin gasket biyu, bawul na shiga da na fita, ringi mai lamba 68, fulogi biyu, soson matatar iska uku, sil ɗin famfo, igiya, man wasawa da fila geji. A Kano kasuwar Ƙofar Ruwa da ta Sabon Gari ba a rasa su. A ɗaure a leda, a sa a gwangwani mai murfi, a rataye inda ake ajiye maganin kaji. Wanda kuma ke da mataccen inji a zaure ko bayan rumbu, ya jawo shi ranar Juma'a bayan an sauko, ya fara koyo a kansa, tunda wannan ko ya ɓata ba kifin da zai mutu.